Ƙirƙirar Abokin Gaba a Wasan Kwamfuta da Alaƙarta da Dodon Tatsuniya

1.0 Gabatarwa

A yau yara da dama a Gwadangaji da Birnin Kebbi sun fi sanin dodannin da ke cikin wayar hannu fiye da Dodon da kakanninsu ke ba da labari da dare. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi mai koyon aikin malanta cewa ƙa'idojin da ake bi wajen ƙirƙirar abokin gaba a wasan kwamfuta sun daɗe a cikin adabin baka na Hausa, kuma malami na iya amfani da ɗaya ya koyar da ɗaya.

2.0 Wasan Dabarun Yaƙi

Wasan dabarun yaƙi shi ne wanda ake cinye shi da tunani da tsari. Misalinsa a gargajiyance shi ne dara, inda kowane ɗan wasa ke da 'ya'ya 12 a kan gurabe 30, yana neman jera uku don ya ci na abokin karawarsa. A wasan kwamfuta kuwa, na'ura ce ke riƙe da ɓangaren abokan gaba, waɗanda sau da yawa baƙin halittu ne daga wata duniya. A wasan Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira a Japan a 1978, halittun suna ƙara sauri yayin da yawansu ke raguwa. A wasan UFO: Enemy Unknown kuma, wanda Julian Gollop ya tsara a Ingila a 1994, akwai halittar da ake kira Chryssalid. Ba ta da bindiga, amma tana da gudu, kuma sojan da ta kashe daga jikinsa wata sabuwa ke fitowa. Wannan ya tilasta wa ɗan wasa ya harbe ta tun daga nesa.

3.0 Siffofin Abokin Gaba Nagari

Mai ƙirƙira yana lura da abubuwa huɗu:

(i) Mazauni: inda halittar take da ƙarfi. Macijiya Sarki ta labarin Bayajida tana cikin rijiyar Kusugu a Daura.

(ii) Ta'asa: cutar da take yi. Macijiyar ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

(iii) Alama: abin da ke sanar da zuwanta, kamar yadda Dodo ke shigowa gari da ruri ko waƙa.

(iv) Lago: raunin da za a kama ta da shi. Dodo ƙato ne amma wawa, shi ya sa Auta ya hallaka shi ta hanyar jefa masa duwatsu masu zafi a baki.

Lago shi ne mafi muhimmanci. Idan babu shi, ɗan wasa zai fid da rai ya bar wasan. Idan kuma ya fito fili ƙwarai, wasan ya zama lami. Ke nan, sabon abokin gaba ya ci sunansa ne idan ya sa tsohuwar dabara ta daina aiki, har ɗan wasa ya nemi wata.

4.0 Aiwatarwa a Aji

Malami ba ya bukatar kwamfuta. Sai ya zana guraben dara a ƙasa, ya ware wasu a matsayin fadamar Gulbin Rima, wasu a matsayin tudu. Daga nan ɗalibai su ƙago halitta, alal misali wadda ke ɓuya cikin shinkafa, tana tsallake gurbi biyu a ruwa amma ɗaya tak a tudu, kuma kumfa ke tona asirinta. Ɗaliban da suka san bikin kamun kifi na Argungu za su kawo kalmomi irin su homa da gora da kwalekwale a matsayin kayan tunkararta. A ƙarshe kowa ya rubuta siffarta cikin sakin layi biyu. Ta haka an koyar da insha'i na siffantawa da sababbin kalmomi da zubin tatsuniya a darasi guda.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo siffofi huɗu na abokin gaba nagari tare da misalai.
2. Zaɓi tatsuniya ɗaya daga garinku, ka bayyana lagon Dodon da ke cikinta.
3. Me ya sa wasa ke lalacewa idan abokin gaba ba shi da lago?