Girgiza Jiki da Sinadaran Jini a Ciwon Fibromayaljiya

Fibromayaljiya ciwo ne da ke mamaye tsokar jiki baki ɗaya, tare da kasala da rashin barci mai nauyi, kuma mata aka fi samu da shi. Ya zame wa likitoci ƙarfen ƙafa, domin hoto ba ya nuna shi, gwajin jini na yau da kullum ma haka. Motsa jiki yana cikin abubuwan da suka fi taimako, amma kuwa da yawa daga cikin matan kan daina, saboda zogin da ke biyo baya.

Wannan ne ya jawo hankalin masana ga na'urar girgiza jiki, wato wani faifai da ake tsayuwa a kansa yana kaɗawa kamar sau 30 a daƙiƙa, tsoka kuma tana ɗaurewa tana saki ba da niyyar mai ita ba. A 2000 Carmelo Bosco, masani ɗan Italiya, ya ba da rahoton cewa homon na girma ya ƙaru a jinin samari lafiyayyu bayan irin wannan girgiza. Homon dai sinadari ne da jiki ke zubawa cikin jini don ya kai saƙo ga wata gaɓa. Shi na girma, jiki ya fi fitar da shi a cikin barci mai nauyi, sa'an nan ya sa hanta ta samar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda ke gyara tsoka. Tun a shekarun 1990 Robert Bennett a Amurka ya lura cewa IGF-1 ya yi ƙaranci a jinin kusan sulusin masu wannan ciwo.

Hasashen da aka gina a kan haka yana da daɗin ji: a girgiza jiki, sinadari ya ƙaru, tsoka ta warke. Sai dai ba duk abin da ya yi daɗin ji ne gwaji ke gaskatawa ba. A birnin Barsalona na ƙasar Sifen, Alentorn-Geli da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa makonni 6 na girgiza haɗe da motsa jiki sun rage wa mata zogi da kasala. Amma da suka auna IGF-1, sakamakon da suka buga a 2009 bai nuna wani canji na a zo a gani ba. Ke nan sauƙin ya samu, sinadarin kuwa yana nan inda yake. Wataƙila tun farko kuskure ne a auna mata masu fama da ciwo da ma'aunin samari majiya ƙarfi.

Shi kansa sauƙin ma a riƙe shi da hattara, gama matan da aka gwada ba su da yawa. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2017, hukuncinta shi ne hujjar tana da rauni ƙwarai.