Daga mai gabatar da ƙara zuwa Alƙalin Alƙalai: labarin da na ba Yayana a Ngawundere

Ranar da sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidanmu da ke Unguwar Hausawa a Ngawundere ya cika da guɗa, domin ɗan yayana ya ci. Amma murnar ba ta kai isha'i ba. Muna zaune a zaure sai yaron ya ce shi fannin shari'a zai karanta a jami'armu da ke Dang, kuma burinsa ya zama alƙali. Yaya ya dire kofin shayinsa ya ce, "Duk karatun duniyar nan ka rasa wanda za ka yi sai wanda zai kai ka wuta?"

Ban ga laifin Yaya ba. Ya tashi yana jin gargaɗin malamai a kan nauyin alƙalanci, sannan shi kansa ya taɓa ɗanɗanawa. Shekarun baya ɓarayi suka fasa masa shago, ya kai ƙara, takardarsa ta shiga wani ofis ta yi kwanciyarta. Ya yi sintiri har ya gaji ya bar wa Allah. Tun daga nan ya yanke cewa kotu ta masu jin Faransanci ce da masu uwa a gindin murhu. Haka da yawa daga cikinmu suke gani, shi ya sa muke tura yara kasuwa ko tuƙi, mu bar wa wasu kujerar da za a yanke mana hukunci a kanta.

A daren nan na ba shi labarin Mai Shari'a Mohammed Bello, Bakatsinen da ya fara aiki a matsayin lauyan gwamnati mai gurfanar da masu laifi, ya ƙare a matsayin Alƙalin Alƙalan Tarayyar Najeriya.

An haife shi a Katsina a 1930. Abin da ya fara sa Yaya ya gyara zama shi ne jin cewa mahaifinsa, Malam Gidado, shi ne Muftin Katsina, wato daga gidan fiƙihu ya fito. Ya je Ingila ya karanta lauya, ya kammala a Lincoln's Inn da ke Landan a 1955. A 1956 ya kama aikin lauyan gwamnatin Jihar Arewa, lokacin da 'yan Arewa masu wannan ilimi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ya yi majistare, sannan a 1964 aka naɗa shi Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Arewa baki ɗaya. Wannan kujera ce da mai ita ke duba binciken 'yan sanda ya ce a kai wane kotu, ko ya ce hujja ba ta isa ba. A 1966 ya zama alƙalin Babbar Kotu, a 1975 ya shiga Kotun Ƙoli, a 1987 kuma ya zama shugabanta, ɗan Arewa na farko da ya hau wannan matsayi. Ya sauka a 1995, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi, Allah Ya yi masa rasuwa a 2004.

Yaya ya ce, "To, ya hau kujeru. Me ya yi wa talaka?" Sai na kawo masa shari'a guda da ta yi kama da ciwonsa.

Ranar 19 ga Oktoban 1986 aka aika wa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, da wani ƙunshi a gidansa da ke Ikeja, ya tashi da shi, ya mutu. Lauyansa kuma abokinsa, Gani Fawehinmi, ya zargi wasu manyan jami'an tsaro biyu na gwamnatin Janar Babangida. Dokar Jihar Legas ta yarda mutum ya gurfanar da wani da kansa idan gwamnati ba za ta yi ba, amma sai Daraktan Gabatar da Ƙararraki ya rubuta a takardar cewa shi ba zai yi ba. Daraktan ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Gani ya nemi kotu ta tilasta masa ya faɗi matsayinsa. Kotunan ƙasa biyu suka kore shi, ta biyun ta ce ba shi da hurumi.

A Disamban 1987 Kotun Ƙoli, Bello na shugabantar zaman, ta rushe wancan hukunci da rinjaye. Ta ce a maganar aikata babban laifi ba sai ɗan'uwan jini ne kaɗai ke da ikon neman a bi kadi ba. Ka duba fa: mutumin da ya taɓa riƙe irin wannan kujera ta darakta, ya san daɗin ikonta, yana cikin waɗanda suka ce mai ita ba zai danne takarda ya yi shiru ba. Kuma shi ɗin ne a 1981, a shari'ar Sanata Abraham Adesanya, ya tsaya a kan cewa sai wanda abu ya taɓa haƙƙinsa kai tsaye zai shigar da ƙara. Shekara shida bayan haka ya yarda a faɗaɗa ƙofar a ɓangaren laifuka.

Ban ɓoye wa Yaya sauran ba. Daga baya wata kotun Legas ta soke tuhumar da aka yi wa jami'an nan, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan kisan Dele Giwa ba. Bello ya yi shugabancinsa ne kusan gaba ɗaya a ƙarƙashin soja, zamanin da ake fitar da dokokin da ke hana kotu sauraron wasu ƙararraki, kuma masu suka sun ce kotunsa ta cika kusa da gwamnati. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Amma wancan hukunci na 1987 yana nan, ɗaliban lauya a Najeriya suna karanta shi.

A nan Kamaru hanyar ta bambanta. A Najeriya lauya ne ke daɗewa yana aiki kafin a naɗa shi alƙali. Mu kuwa, bayan digirin jami'a, sai yaro ya ci jarrabawar shiga makarantar ENAM da ke Yawunde, kuma da masu gabatar da ƙara da masu yanke hukunci duk daga can suke fitowa. Ana iya ɗauke mutum daga wannan ɓangare a mayar da shi wancan, yau a Garwa, gobe a Marwa. Saboda haka tafiyar da Bello ya yi daga tuhuma zuwa hukunci, a wurinmu abu ne da aka saba.

Akwai kuma abin da Yaya bai sani ba sai a daren. Dokar bin shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a farkon 2007, ta ba wanda aka zalunta damar kai kukansa kai tsaye gaban alƙali mai bincike, ya nemi diyya, bayan ya ajiye kuɗin da aka yanka masa na ɗawainiyar shari'a. Ashe hanya tana nan, mu ne ba mu da wanda zai nuna mana ita. Wanda ya taɓa raka tsohuwa kotu, ya ga tana magana da Hausa ko Fulatanci ana juyawa zuwa Faransanci rabin zancen na zubewa a hanya, ya san amfanin a samu namu a cikin zauren.

Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya dubi yaron ya ce, "Idan ka hau kujerar nan, takardar talaka ta zo gabanka, kwana nawa za ta yi?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini addu'a kawai." Washegari da hantsi Yaya ya kira ni shago, ya miƙo mini kuɗi a ƙunshe cikin leda, ya ce in raka shi Dang mu ga yadda ake rajista.