Yadda Ake Auna Bambancin Lafiya Tsakanin Jama'a

Idan mutum ya ci malmala huɗu, maƙwabcinsa kuwa ya kwana da yunwa, lissafi zai ce kowa ya ci biyu. Haka yake ga sha'anin lafiya. In aka tattara jama'ar ƙasa duka cikin adadi ɗaya, sai wahalar talaka ta ɓuya.

Saboda haka masu bincike sukan kasa jama'a kashi-kashi: mutanen birni da na ƙauye, uwayen da suka yi makaranta da waɗanda ba su yi ba. Sukan kuma raba gidaje kashi biyar bisa ga abin hannunsu, kamar rediyo, keke, irin rufin ɗaki da wurin ɗiban ruwa. Tambayoyi iri ɗaya suke yi a ƙasashe da yawa, domin a iya gwada wannan da waccan.

Bari mu duba namu. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 sukan mutu kafin su cika shekara biyar. Amma da aka rarraba, sai aka ga 252 a Jihar Kebbi, 30 a Jihar Ogun. Tazarar yara 222 ke nan, wato Kebbi ta ninka Ogun fiye da sau takwas.

Kada mu zaci ƙasashen masu arziki sun tsira. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yaron da aka haifa a unguwar Calton ta birnin Glasgow ana sa ran zai yi shekara 54, na Lenzie kuwa, can kusa, shekara 82. A Amurka a 2021, cikin haihuwa 100,000, uwaye baƙar fata kusan 70 suka rasu, farare kuwa 27.

Me wannan awo zai amfane mu? Shi ne ke nuna inda ya kamata a fara kai ungozoma, rigakafi da ruwa mai tsabta. Amma yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba yakan ɓace wa masu lissafi. To, mu yi wa 'ya'yanmu rajista. In ma'aikatan bincike suka yi sallama, mu ba su tabarma, mu faɗa musu gaskiya, har da yaran da muka rasa, ko da yake tuna su da zafi.