Hybrid, dizal ko fetur: wace mota ce ta fi sauƙin riƙewa a Haɗeja?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, tambayar farko da mai sayen mota ke yi ita ce "yaya shan manta?" Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000.

In dai shan mai ne kawai, hybrid ce kan gaba. Mota ce da ta haɗa injin fetur da motar lantarki mai aiki da babban batiri. Ba a jona ta da wuta, saboda haka babu ruwanka da ɗaukewar lantarki. Duk lokacin da ka taka birki batirin yana caji, idan ka tsaya injin ya kashe kansa. Toyota ta fara fitar da Prius a Japan a 1997. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Prius ƙirar 2010 tana cin kusan kilomita 21 da lita ɗaya, Corolla ta shekarar kuma kilomita 12 zuwa 13. Mai yin kilomita 1,500 a wata zai sha kusan lita 70 a Prius, kusan 120 a Corolla. Ɗauko wayarka ka ninka lita 50 da farashin yau, ka ga abin da zai rage maka a aljihu.

Sai dai wannan gwaji ba a Jigawa aka yi shi ba. Hybrid ta fi nuna bajintarta a cunkoso, kamar cikin gari ranar kasuwa ko titunan Kano. A doguwar hanya irin ta Haɗeja zuwa Nguru tazarar tana raguwa. Batirin kuma ba ya son zafi, ga bazararmu tana wuce digiri 40. Yana da 'yar fanka da ke zuƙo iskar cikin mota tana sanyaya shi, ƙurar hunturu kuwa tana toshe ta sannu a hankali ba tare da mai mota ya sani ba. Babbar matsalar ita ce ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda hanyoyin Auyo da Guri da Kirikasamma suke komawa. Prius gajeriya ce, batirinta yana bayan kujerar baya, idan ruwa ya kai gare shi gyaran zai iya cinye ribar man shekaru.

Dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya fi fetur ƙarfi a kowace lita da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, injinsa kuma ya fi jan kaya. Mai ɗauko buhunan shinkafa daga fadama ko kwalayen kifi a Hilux shi ya dace da shi. Ga mai zirga-zirgar cikin gari kuwa ba riba, domin litarsa ta fi tsada, kuma motocin dizal na Turai suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan ba a doguwar tafiya.

Motar fetur ta fi shan mai, amma kowane bakanike ya san Corolla da Golf, kayansu kuma suna nan jibge a Ƙofar Ruwa. Ga wanda damina ke kai shi ƙauye, ita zan zaɓa.

Idan hybrid 'yar kwatano ka nufa, kada ka biya kuɗi sai ka gwada batirin. Akwai 'yar na'ura mai suna OBD2 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth. Manhajar Dr. Prius za ta nuna maka ƙarfin kowane sashe na batirin. Idan ɗaya ya yi ƙasa da sauran sosai, ka nemi ragin kuɗin sabon batiri ko ka bar wa dillali motarsa.