Gyaran Wasan Kuloci a Tsofaffin Motoci

Duk wanda ya bi hanyar Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa inda masana'antun jima su ke, ya san wahalar da mota ke sha a can. Kaya ga nauyi, tafiya kuwa a tashi a tsaya. A irin wannan aiki kuloci ke fara gajiya, kuma sau da yawa abin da ke kashe shi bai wuce noti guda ba.

Kuloci faranti ne da ke tsakanin inji da giya. Sifirin mai ƙarfi ya matse shi jikin inji, su riƙa juyawa tare. Kadan direba ya taka, wani boris ya tura, matsin ya saki, sa'an nan giya ta shiga. To, kafin boris ya taɓa wurin da zai tura, akwai 'yar tazara da abin takawa ke sauka ba nauyi. Ita a ke kira wasa. Ku danna da yatsa, ba da ƙafa ba, gama ƙafa ba ta jin ta sosai. Inda ku ka ji nauyi ya fara, nan wasa ya ƙare.

Abin lura shi ne, yayin da faranti ke cinyewa, wasan nan raguwa ya ke yi. Ran da ya ƙare, boris ya riƙa juyawa ba hutu, matsi kuma ya ragu. Sai ka ji inji na kuka, mota ba ta ja, ga ƙauri na tashi. Direban da ke ɗora ƙafa bisa kuloci yana tafe, shi ma wannan ɓarnar ya ke yi da ƙafarsa. In kuwa wasa ya yi yawa, ko an taka har ƙasa faranti ba ya saki duka, giya ta riƙa gurzawa, tun ba ta baya ba. Wannan ya fi ban haushi, amma na farko ya fi cin kuɗi, domin a yawancin motoci ba a sake faranti sai an sauke giya.

Ku ɗauki Volkswagen Beetle, wadda a ka fara haɗawa a Ikko a 1975. Kulocinta waya ke ja, ƙarshen wayar kuwa yana jikin giya, bayan ƙafar baya ta hagu, da noti mai kunnuwa biyu. Wasan da a ke so milimita 10 zuwa 20 ne, watau wajen rabin inci ko fiye kaɗan. A ɗaure notin, wasa ya ragu. A kwance, ya ƙaru. A juya rabi rabi, a taka sau uku ko huɗu, a sake aunawa. Da hunturu ƙura kan sa waya ta yi tauri, sai a sa mata giris tukuna, kada taurin ya ruɗi mai awo.

Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, dabam ta ke. Masana'antar Kaduna da a ka buɗe a 1975 ta haɗa ta da yawa, kulocinta kuwa mai ke tura shi, irin na birki. Kadan ya yi laushi, kada a fara da sifana. A duba ko mai ya ragu, a nemi inda ya ke yoyo, sa'an nan a fitar da iskar da ta shiga.

Bayan gyara akwai gwaji. A sami fili ba kowa gaba, a ja birkin hannu, a ta da inji, a sa babbar giya, a saki kuloci sannu sannu. In inji ya mutu, faranti na kamawa. In ya ci gaba da kuka, alhali wasa daidai ya ke, faranti ya ƙare, noti ba shi da sauran magani. Kada a maimaita gwajin nan fiye da sau ɗaya ko biyu, gama shi kansa yana cin faranti.