Kogin Binuwai: Daga Duwatsun Adamawa Zuwa Lakwaja

Kogin Binuwai ya taso ne daga duwatsun Adamawa na ƙasar Kamaru, tsawonsa kuwa wajen kilomita 1,400. Kafin ya iso Garwa, Mayo Kebbi ya shiga cikinsa, Faro kuma ya tarar da shi a bakin iyakar Nijeriya. Gongola na zuba masa ruwa a Numan, sa'an nan Taraba da Donga da Katsina-Ala su biyo baya, har ya haɗu da Kwara a Lakwaja.

To, amma tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, hankalin manoman bakin kogi bai kwanta ba. A 2012, da aka saki ruwanta ana tsakiyar damina, gonaki da gidaje sun nutse daga Yola har Lakwaja. Saboda haka wajibi ne a riƙa gargaɗin jama'a tun kafin a buɗe ta.