Karatun Yaron da Hanyar Gida ta Toshe Masa

A shekarar 1949 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar UNRWA domin kula da Falasɗinawa sama da dubu 700 da yaƙin 1948 ya raba da muhallansu. Komawa gida ba ta yiwu ba, amma hukumar ta buɗe musu makarantu a Gaza da Gaɓar Yamma da Jodan da Lebanon da Siriya, ta kuma riƙe rajistar kowane iyali. Hatta Amurka, duk da matsayinta a wannan rikici, ta dakatar da korar Falasɗinawan da ke ƙasarta na wata 18 a Fabrairun 2024, ta sassauta wa ɗalibansu sharuɗɗan neman aiki domin kada karatu ya yanke. Wa'adin ya cika a Agustan 2025.

To, mu dawo gida. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Wanda ba a ji nasa ba shi ne yaron da ƙauyensu ya watse, ya tsinci kansa a zauren wani ɗan'uwa cikin gari, babu takardar canjin makaranta, babu mai shaidar ajin da ya kai.

Abin mamaki, wanda ya tsallaka zuwa Maraɗi tun 2019 ya fi shi gata a idon doka, domin hukumar UNHCR na iya yi masa rajista a matsayin ɗan gudun hijira. Alhali Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala tun 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimin waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasa.

Yankin da madatsar Bakolori ta taɓa tayar da dubban manomansa, har aka zubar da jini a 1980, bai kamata a koya masa ciwon rabuwa da gida ba. Ma'aikatar ilimi ta jiha na iya umartar shugabannin makarantu su karɓi irin waɗannan yara da gwajin tantance aji kawai, ta biya musu kuɗin NECO, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ta ware musu gurabe kafin zangon karatu mai zuwa.